Kujerar Kaka a Motar Farko

Ni fa wallahi ba ruwana. Ina zaman zamana a rumfar cajina ta bakin tasha, ina liƙa wa mutane gilashi a fuskar waya, ina shan gulmar 'yan acaba kyauta, aka zo aka tsoma ni cikin rigimar da ban san farkonta ba. Ba ni da mota, ba ni da kati, ba ni da ofis a Abuja. Ko takardar gama sakandare ba ni da ita, don ni da makaranta mun rabu ne cikin mutunci, ba wanda ya riƙe wani a zuciya. Amma da yake a gidanmu ni ne mai bakin da ba a sa wa sakata ba, duk maganar da ta fi ƙarfin manya sai a ce a kira ni.

Abin da ya jawo shi ne Kakata da Baffa ba sa magana. Ba faɗa suka yi ba. Baffa, wato yayan babana, shi ne ɗanta na fari, ita kuma Kaka irin mutanen da ce ta gaske. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama a tabarmar da yake zaune. In ya zo gaishe ta ya durƙusa a bakin ƙofa, sai ta amsa wa bango. In za ta ambace shi, sai ta ce "wancan". Mutum ya yi furfura, har ya aurar da 'ya, amma a wajen uwarsa sunansa wancan. Ni kuwa jika ne, ni da ita sai abin da bakina ya ga dama. Ina ce mata matata, tana ce min miji marar cefane. Saboda haka duk saƙon da zai tashi daga ɗakin Baffa zuwa ɗakin Kaka, ta kaina yake bi. Ni ne sabis ɗin gidan. In na fita, shi ke nan, layi ya ɗauke.

Lokacin da fetur ya yi tashin nan da kowa ya sani, har masu ƙananan motoci suka fara lulluɓe su da tamfol a ƙofar gida, sai aka kawo wasu dogayen motoci masu amfani da gas, suna kwasar mutane daga Suleja zuwa Abuja da sauƙi. Aka ce so ake jama'a su saba da shiga babbar mota, a rage cunkoso a hanya. Mutanen garinmu kuwa suka tsaya daga nesa suna kallo. Wani ya ce tukunyar gas ɗin a ƙarƙashin kujeru take. Wani ya ce in rana ta yi zafi fashewa take yi. A rumfata wani ɗan acaba ya rantse cewa ƙanin abokinsa ya ga wadda ta tashi sama da mutane a waya. Motoci suka yi ta zuwa suna dawowa da iska a ciki, direba da kwandasta suna hira kamar masu gadin makaranta a lokacin hutu.

Da masu motar suka ga haka, sai suka fito da katin tsofaffi. Duk wanda ya tsufa ya kawo hoto, wani nasa ya sa masa hannu, a ba shi kati ya riƙa shiga kyauta, ko da yaushe ya so. Baffa da kansa ya sa wa Kaka hannu, don a tunaninsa katin zai ƙare ne a ƙarƙashin katifa tare da na asibiti da na zaɓe. Ashe bai san uwarsa ba. Washegari ta ɗauko zaninta na zuwa suna, ta ƙulle kati a haɓar zani, ta ɗauki sandarta.

Na ce, "Matata, ba kya tsoron tukunya ta fashe da ke?"

Ta ce, "Tun ina yarinya nake zaune a gaban tukunya, ba ta fashe ba sai yau? In ma ta fashe, ai ta rage min hanya."

Ita da 'yan'uwanta tsofaffi suka yi ta zuwa suna dawowa da ransu. Mutane suka ga ba wanda ya tashi sama. Sai ma'aikata suka fara shiga, yau ɗaya gobe biyu, kafin ka ce me layi ya miƙe daga bakin mota har teburin mai shayi.

To a nan matsalar ta fito. Akwai motar rana, wadda take tafiya rabinta ba kowa, amma Kaka ba ta kallonta. Ita sai motar farko, ta bayan sallar asuba, wadda duk mai son isa aiki a kan lokaci yake kashe kansa a kanta. Kuma ita ce motar Baffa, don masinja ne a wata ma'aikata a can. A garinmu tsoho ba ya bin layi. Da an ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda sai a dare, kwandasta ya riƙe hannu a hau. Motar kuma tana da iyakar mutanen da take ɗauka, na zaune da na tsaye, da ta cika kwandasta ya ja ƙofa. Ka ga ke nan duk tsoho ɗaya da ya shiga, ma'aikaci ɗaya ya rage a ƙasa yana kallon bayan mota. Abin da ya fi ba mutane haushi kuma, Kaka ba ta sauka. Ba ta da kowa a can, ba ta sayen komai. A kai ta ƙarshen hanya, a juyo da ita, ta sauka a inda ta hau, ta dawo gida ta ce a ba ta koko.

Wata ranar Laraba da yamma na hango Baffa ya nufo rumfata, jakarsa a hammata, takalminsa ya yi buɗu-buɗu.

Na ce, "Baffa, barka da dawowa. Caji ne ko gilashi?"

Ya ce, "Rufe min baki ka saurara."

Na rufe. Ya zauna a bencina, ya cire hula ya ɗora a gwiwa, abin da ban taɓa ganin ya yi a waje ba.

Ya ce, "Ka san Madam ɗin nan mai haya a layinmu, mai shara a asibiti? Jiya a kan idona aka ja ƙofa aka bar ta. Ita ce ta gaba a layi. An riga an gaya mata in ta sake makara za a sallame ta, ga yara uku tana riƙe da su. Ta kalle ni ta taga. Kowa a layin nan ya san tsohuwar nan uwata ce. Mu muna biya muna tsaye, wasu suna biya ba sa ma samun shiga, ita tana zaune kyauta za ta yawon buɗe ido. Wannan adalci ne?"

Na ce, "Baffa, ni a aji ba mu kai wajen adalci ba na fito."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ka je ka gaya mata, ko ta koma motar rana, ko ta ba ka katin. In Asabar ta zo ba ta yi ko ɗaya ba, ni na sa hannu aka ba ta, ni zan je in ce a soke shi."

Na ce, "Me zai hana ka gaya mata da kanka, tunda ɗakinka yana kallon nata?"

Ya yi min wani kallo da ya sa na tuna ina da wayoyin mutane a wuta.

Na sami Kaka a tsakar gida tana tsinkar zogale a faifai. Na zauna na fara taya ta, don ta san da magana a bakina.

Na ce, "Matata, labari ya zo min kina fita da asuba ba da izinina ba. Wa kike zuwa gani a Abuja? Minista ne ko ɗan majalisa? Ki faɗa min tun da wuri in san da wa nake takara."

Ta ce, "Ko mai gadin minista ai ya fi ka, shi yana da albashi."

Na ce, "To wancan ya aiko ni."

Hannunta bai tsaya ba. Na zazzage mata saƙon duka, har da Madam da yaranta, har da Asabar. Ta gama tsinke reshen da ke hannunta, ta jefa wa akuya karan.

Ta ce, "Ka taɓa shiga motar?"

Na ce, "Ni da nake bakin tasha? Kullum ina ganinta."

"Na ce ka taɓa shiga?"

"A'a."

"To ɗan aiken da bai san hanya ba, gobe ka raka ni. In mun dawo sai ka faɗi abin da aka aiko ka."

Ni da asuba ba ma shiri, amma haka na tashi. An yi ruwa kafin kiran salla, gari ya yi laushi, ƙasa tana ƙamshi. Muka bi ta lungunan unguwar Wambai a hankali, sandarta tana gaba tana gwada kududdufai, ni ina baya ina hamma. A tasha motar tana tsaye da fitilunta na ciki a kunne, doguwa, fara, kamar wani ɗaki da aka yanko daga wani gari aka ajiye a namu. Layi ya dare wa Kaka. Ni kuma na manne a bayanta na ce ɗan rakiya ne, na biya nawa na shige. Ina jin wani yana cewa, "Yau kuma har da bodigad."

Baffa yana zaune a ciki tun tuni, don shi da ya idar da salla tasha yake yi. Ya hango ta, ya miƙe bai kalle ta ba. Ta zauna ba ta kalle shi ba. Ko sannu babu. Kamar sun yi shekaru suna gwajin abin. Ya koma tsakiya ya kama ƙarfen sama, ni ma na kama kusa da shi. Abin da na lura da shi kawai, kujerar da ya tashi a kai ta bakin taga ce, alhali wanda ya riga kowa shiga yana iya zaɓar duk wadda ya so, kuma ya san ba shi zai zauna a kai ba. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna kallon jiya.

Madam ta samu shiga ranar, ita ce ta ƙarshe, ƙofa har tana goge mata jaka. Wanda ke bayanta, wani saurayi da farar riga da fayil a hannu, shi aka bari. Ya ɗaga hannu kamar mai tsayar da ruwan sama, sannan ya sauke. Sai da muka fita daga tasha na gane ashe gurbinsa ne nake tsaye a kai. Na ce a raina, to yau ni ma na shiga sahun azzalumai, kuma da kuɗina.

Motar nan ba ta da ƙara. Wani irin gurnani take yi can ƙasa-ƙasa, kamar kyanwa ta ƙoshi. Ba mu yi nisa ba kowa ya yi shiru. Ma'aikata suka fara barci a tsaye, kawuna suna lilo tare, in mota ta karkata hagu duk su tafi hagu, in ta dawo su dawo, kamar gero a gona ana iska. Ƙamshin sabulu, turare, man shafawa da ƙosan da wani ya ɓoye a jaka duk suka haɗu suka zama ƙamshi ɗaya. A waje fitilun masu shayi suna wucewa ɗaya-ɗaya, tururin butocinsu yana tashi fari, kwalta ta jiƙe tana ɗaukar hasken motoci tana ja kamar alawa. Wani tsoho a baya, shi ma ɗan kati, ya fasa goro ya miƙa, goron ya yi ta tafiya hannu zuwa hannu a kan mutane masu barci har ya iso wajen Kaka. Ni da bakina ba ya hutawa, na ji shi ya kwanta da kansa.

Na kalli Kaka. Ta juya fuska ga taga, ta kafe ido ba ta ko ƙiftawa. Na ce me tsohuwar nan take gani a cikin duhu? Na ɗan sunkuya na bi idonta. Ai kuwa ba waje take kallo ba. Da yake ciki da haske, waje kuma da duhu, gilashin ya zama madubi. Ga mu nan duka a ciki, muna shawagi a kan gonaki da rumfunan Madalla. A tsakiyar madubin kuma ga Baffa, hannu ɗaya a ƙarfe, ido a rufe, baki ya ɗan buɗe, hularsa ta zame gefe kamar ta yaron da aka tasa makarantar safe. Shi take kallo. Daga hula zuwa gemu, daga gemu zuwa aljihun riga da maɓallinsa ya kusa cirewa, ta sake komawa sama. A nutse take kallonsa, ba gaggawa, kamar mai shan fura a inuwa. Mutumin da ba ta ɗaga ido ta kalla ba tun yana goye, ga shi an kawo mata shi a gilashi, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya, don kowa ya san taga take kallo.

Sai gari ya fara wayewa. Dutsen Zuma ya taso a hankali daga cikin duhu, baƙi ƙirin, gajimare ya sauko ya naɗa masa farin mayafi a ka, ruwan daren yana gangarowa a jikinsa siriri-siriri. Hasken waje yana ƙaruwa, hoton cikin gilashi yana dushewa. Na ɗan wani lokaci fuskar Baffa ta hau kan dutsen, gemunsa a kan bishiyoyi, hularsa a cikin gajimare, har ban san wanne ne ke barci ba, shi ko dutsen. Daga nan ya narke. Sai dutse kawai, da shanu a gindinsa, da wani yaro yana wanke babur a bakin kwalbati. Kaka ta sauke numfashi, ta gyara mayafi, ta jefa goro a baki.

A nan na gane abin da ya sa motar rana ba ta da amfani a wajenta. Da rana gilashi gilashi ne kawai, kuma ba Baffa a ciki.

Muka wuce Zuba, muka shiga cunkoso, muka fita. Hanya ta buɗe, gidaje suka fara tsayi. Mutane suka yi ta farkawa suna sauka, kowa yana gyara riga yana sa fuskar aiki. Madam ta sauka da gudu-gudu. Baffa ya sauka a tasharsa bai waiwayo ba, Kaka kuma a lokacin ta ga ya dace ta duba farcenta.

A dawowa motar ta zama tamu. Mu biyu, da tsohon nan mai goro, da wasu tsofaffin mata biyu da suka baje ƙafa suna tauna labarin jikoki. Na zauna kusa da Kaka. Rana ta fito tana shigowa ta taga da ɗumi, kujera tana jijjiga ni a hankali, idona ya fara nauyi. Ina jin muryarta sama-sama tana nuna min wurare. Nan inda ka ga gidan man nan, ɗorawa ce da, har ba a ganin rana. Can bayan dogayen benayen akwai rafi, mata suna ɗibar yumɓu. Nan kuma kura ta taɓa bin kakanka, ya dawo gida da takalmi ɗaya. Ina lumshe ido sai in ga benaye sun nutse cikin ƙasa, bishiyoyi sun tsiro a gurbinsu, motarmu tana ratsa daji ba hanya, ganye yana shafar gilashi, wata yarinya da tulu a ka ta tsaya tana kallonmu, kuma fuskarta irin ta Kaka ce kafin ta yanƙwane. In na buɗe ido sai in ga allon talla da ɗan sanda. In sake rufewa, daji ya dawo.

Da muka kusa dutsen na farka sosai. Na ce, "Matata, na kama ki."

"Da me?"

"Na ga saurayin da kike zuwa gani. A gilashi yake zama. Hularsa a karkace."

Wallahi ban ga lokacin da hannunta ya iso cinyata ba. Tsohuwa ce, amma mintsininta na 'yan mata ne. Ta matso da bakinta kusa da kunnena ta ce, "In na ji maganar nan a bakin wani, ko akuyar gida ce, ka ba ni takardata."

Ta juya ga taga. Can kuma, ba ta kalle ni ba, ta ce, "Ya rame. Ka ce wa matarsa ta ɗinke masa maɓalli, amma kada ka ce ni na ce."

To ka ga inda aka ajiye ni. Dalilin da zai iya ceton katin yana bakina, kuma ba shi faɗuwa. In Baffa ya ji, ba zai sake iya tsayuwa a wajen nan ya yi barcinsa ba. In ta san ya ji, ita ma ba za ta sake taka motar ba. Ga kuma saurayin nan mai fayil, duk lokacin da na rufe ido sai in ga hannunsa a sama. Na kwana biyu ina juya abin a rumfa, har na liƙa wa wani gilashi a karkace. Har yau in ka tsare ni ka ce wa ke da gaskiya, sai dai in ce maka wayarka ta cika, zo ka ɗauka.

Asabar da la'asar Baffa ya fito da kujerarsa tsakar gida. Kaka tana kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta ba shi baya, tana gyaran wake. Tsakaninsu bai fi a miƙa hannu a karɓi buta ba. Aka ce in tsaya a tsakiya. Matan gida kowacce ta samo aikin da zai kawo ta kusa.

Baffa ya ce, "Ka gaya mata ina gaisuwa, kuma ina tambaya ko ta yanke shawara."

Na juya na ce, "Matata, wai yana gaisuwa, kuma wai kin ƙara kyau."

Baffa ya ce, "Kai!"

Kaka ta ce wa wake, "Ka gaya wa wancan ina amsawa. Shawarar me?"

Ya ce, "Ka gaya mata motar safe ta masu aiki ce. Wanda zai nemo abin da za a ci ya kamata ya riga wanda zai je kallo."

Ta ce, "Ka tambaye shi, lokacin da masu aikin suke laɓe a bayan mai shayi suna jiran tukunya ta fashe, su wa suka shiga suka gwada musu?"

Na juya zan maimaita, Baffa ya ce, "Na ji." Ya gyara zama. "Ka ce mata an gode. Amma baiwar Allahn nan mai haya, in aka kore ta daga aiki, wa zai ciyar da yaranta?"

Kaka ta tsince tsakuwa ta jefar. Ta ce, "Ka ce ta riƙa biyo min ta gida mu tafi tare, in ce 'yar rakiyata ce. In ba wuri ta zauna a cinyata, na ɗauki waɗanda suka fi ta nauyi."

Wata daga cikin matan gida ta tuntsire da dariya ta shige kicin. Baffa ya share fuska da tafin hannu. Ya ce, "In ta shiga da ita, wani za a bari. Kullum sai an bar wani."

Ta ce, "To su ƙaro mota. Ni na ce su sayo guda ɗaya?"

Na ce, "Baffa, wannan kam ko ni da ban gama makaranta ba na ga lissafin ya fita."

Ya ce in na sake sa baki zai aike ni garin Gawu da ƙafa. Daga nan muryarsa ta canza, ta yi ƙasa, irin ta mutumin da ya gaji da gaske. Ya ce, "Ka tambaye ta, don Allah, me ta ajiye a Abuja? Wa take da shi a can? Mutanen nan sun ba ta abu kyauta, ba su san ta ba, ba ta taɓa yi musu komai ba. Abin kyauta ai ana ɗaga wa mai bukata ƙafa. In ba ta da amsa, Litinin zan biya ofishinsu."

Ni na san amsar, na kuma san ba za ta fito ba. Na kalli ƙeyar Kaka. Ta ajiye faifai a hankali, ta karkaɗe zaninta, ta ɗaga kai ta kalli bango sosai kamar shi ya yi tambayar. Abin da ta faɗa shi ya rufe zancen. Baffa bai je ofishin kowa ba, ba a kuma sake kirana a kan maganar ba.

Ta ce, "Ka tambayi wancan a wane gari aka haife shi. In ya manta, ka gaya masa a Abuja ne, a ɗakin nan da ke bayana. Garin nan da yake zaune a ciki shi ne Abuja, kafin a zo a roƙi sunan a kai wa wancan dajin, mu a sa mana Suleja. Sukutum muka ba su, kyauta, ba mu bi layi mun ce a biya mu ba. Su kuma suka ba ni kujera ɗaya. In yana ganin an cuci wani, Litinin ɗin in ya je ya ce su dawo mana da sunanmu, ni ma a ranar zan mayar musu da katinsu."